SSH yana ƙin shiga injin gwaji jefi-jefi: amsa ga ɗan'uwa daga Agege

Tambaya: "Assalamu alaikum Yaya. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Yaba. Muna da saba ɗaya a ofis wadda ke gwada manhajarmu da kanta duk lokacin da aka tura sabon aiki: ta tayar da Ubuntu 22.04 a cikin QEMU, ta jira ƙofa ta 2222 ta buɗe, ta shiga ta SSH, ta yi gwaji, ta goge injin. Cikin gwaji goma sai biyu ko uku su faɗi tun a wajen shiga. Wani lokaci a ce Connection reset by peer, wani lokaci Permission denied. Idan na tayar da injin da hannuna ina shiga lafiya lau. Na sa sleep 60, na mai da shi 120, abin ya ragu amma bai daina ba. Oga ya fara cewa gwajin ba shi da amfani. Daga ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena.

A duk abin da ka rubuto, inda na fi tsayawa shi ne "wani lokaci". Mabuɗin da ba na ƙofa ba ne ba ya buɗe ta sau bakwai ya ƙi sau uku. Fayil ɗin da aka rubuta da kuskure kullum da kuskurensa yake tashi. Idan faifan asali ɗaya ne, umarni ɗaya ne, amma sakamako yana sauyawa, to abin da ke raba wannan gwaji da wancan bai wuce biyu ba: ko lokacin da ka ƙwanƙwasa, ko wanda ke bayan ƙofar a lokacin da ka ƙwanƙwasa. Raguwar matsalar da ka gani bayan ka sa sleep ta nuna akwai rige-rige tsakanin sikirif ɗinka da tashin injin. Ƙin dainawarta kuma shi ya sa nake zargin ciwo biyu kake yi wa magani ɗaya.

Bari mu sa wa abubuwa suna don kada mu rikice. Sabar ofis ɗinku ita ce mai masauki. Ubuntun da take tayarwa a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin wata kwamfutar, ita ce baƙuwa. Sshd kuma ita ce manhajar da ke zaune a cikin baƙuwar tana amsa masu neman shiga ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa cikin sirri.

Babban aibin tsarinku ba a SSH yake ba, a layin ƙarshe yake, inda ake goge injin ko an ci ko an faɗi. Kuna kashe shaida kafin a yi shari'a. Da gangan sshd take rowar bayani ga na waje, don kada ɓarawo ya gane ko suna ya dace saura mabuɗi. Kamar maigadin gidan wani babba ne a Ikoyi: "Oga ya ce babu shiga," shi ke nan, ba zai gaya maka ko sunanka ne babu a takarda ko Oga barci yake ba. Dalilin yana cikin gida, a rajistar sshd. Kai kuma saƙon bakin ƙofa kawai kake karantawa, shi ya sa kake ta lalube cikin duhu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, don haka kafin ka gyara komai, ka tanadi hanyar jin ta bakin baƙuwar.

Abu na farko layin siriyal, hanyar da baƙuwa ke fitar da saƙonninta a rubuce ba tare da netwok ba. Ka ƙara wa umarnin QEMU -serial file:siriyal.log. Faifan Ubuntu na cloud ya riga ya zo da console=ttyS0 a saitinsa, saboda haka duk abin da kanel (zuciyar tsarin aiki) da systemd (mai tayar da manhajoji) da cloud-init (mai saita sabon inji idan ya tashi) suka faɗa wajen tashi zai zuba cikin wannan fayil ɗin, ko da netwok bai taɓa tashi ba. Na biyu, duk kiran ssh da sikirif yake yi ka ba shi -vvv da -E ssh.log, wanda zai zuba dogon bayanin a fayil maimakon ya cika maka allo. Na uku, idan gwaji ya faɗi kada a goge faifan qcow2 ɗin. A kashe baƙuwar a hankali don ta gama rubuta abin da ke bakinta, a ajiye faifan gefe, sai ka buɗe shi da virt-cat ko virt-log na libguestfs ba tare da ka sake tayar da ita ba. A Ubuntu 22.04 abin da kake nema yana /var/log/auth.log da /var/log/cloud-init.log. In wata rana kun koma Debian 12, kada ka tsaya neman auth.log, ba ya zuwa da rsyslog, komai yana cikin journal. Dangin Red Hat kuma /var/log/secure suke rubutawa. Ni a faifan gwaji nakan sa ForwardToConsole=yes a journald.conf, sai maganar sshd ta biyo layin siriyal kai tsaye, in huta da buɗe faifai.

Ka kuma ɗaga muryar sshd da LogLevel DEBUG. Amma kula da inda za ka rubuta shi. A saitin sshd ƙimar da aka fara karantawa ita ce ke aiki, ba ta ƙarshe ba, kuma Ubuntu tana jawo fayilolin /etc/ssh/sshd_config.d tun a saman babban fayil. Mutane da yawa sukan rubuta PasswordAuthentication yes a ƙasan sshd_config su yi ta mamaki, alhali wani fayil mai suna 60-cloudimg-settings.conf ya riga ya ce a'a. Ka sa naka a fayil mai fara suna da 00, sannan ka tabbatar da sshd -T, wanda ke nuna saitin da ke aiki a zahiri.

Idan ssh.log ya zo hannunka, kada yawan layukan ya tsorata ka. Alamomin hanya kaɗan kake nema, a jere. "Connection established" yana nufin wani ya amsa a ƙofar. "Remote protocol version 2.0, remote software version OpenSSH" yana nufin sshd ce da kanta ta amsa sallama. "Server host key" yana nufin an yi musayar sirri ta nuna shaidarta. "Offering public key" kai ne ka miƙa mabuɗi, "Server accepts key" an karɓa, "Authenticated to" ka shiga falo. Layin ƙarshe da ka gani cikin waɗannan shi zai gaya maka unguwar da motar ta mutu. Wanda ya tsaya kafin layi na biyu ba shi da haɗi da mabuɗi sam, ɓata lokaci ne ya je yana duba authorized_keys, fayil ɗin mabuɗan da aka yarda su shiga. Wanda ya kai layi na huɗu kuma netwok ɗinsa lafiya yake.

Yanzu ga Connection reset ɗinka. Zan iya cewa na san wannan tun kafin in ga rajistar, saboda ka ce sikirif yana jiran ƙofa ta 2222 ta buɗe. Idan kana amfani da netwok ɗin QEMU na user tare da hostfwd, saitin da ke tura ƙofar mai masauki zuwa ta baƙuwa, ba sshd ce ke riƙe da 2222 ba, QEMU ne da kansa. Daga daƙiƙar da ya tashi yake sauraro a wannan ƙofar, tun kanel ɗin baƙuwa bai gama lodawa ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa sai ya buɗe masa, daga baya ne yake juyawa ya nemi ƙofa ta 22 a adireshin baƙuwar, wato 10.0.2.15. Don haka nc -z ko wani mai duba ƙofa zai ce maka an buɗe, kuma bai yi ƙarya ba, maigadi ne ya buɗe get alhali mai gida bai farka ba. Abin da zai biyo baya ya danganta da inda baƙuwar ta kai. Idan katin netwok ɗinta bai tashi ba, za ka rataye har wa'adi ya cika a ce maka "timed out during banner exchange". Idan netwok ya tashi amma sshd ba ta fara sauraro ba, baƙuwar za ta mayar da kiran, QEMU ya katse, kai kuma ka ga kex_exchange_identification tare da Connection reset by peer ko Connection closed by remote host. Saƙo ne mai kama da babban bala'i, amma fassararsa kawai "ka yi sammako".

Maganinsa ba sleep ba ne. Sleep ƙiyasi ne na tsawon tafiya, kuma kai da ke tasowa daga Agege zuwa Yaba kullum ka fi kowa sanin darajar irin wannan ƙiyasin: hanyar da ka bi cikin minti arba'in ranar Lahadi ita ce za ta cinye maka awa biyu da safiyar Litinin. Ranar da saba ba ta da aiki baƙuwa za ta tashi cikin daƙiƙa ashirin, ka yi asarar ɗari a banza. Ranar da ayyuka huɗu suka haɗu suna dakan faifai ɗaya, 120 ɗin ma ba za ta isa ba. Abin da za ka jira shi ne ainihin abin da kake buƙata, wato shiga. Ka yi madauki wanda ke gwada wannan duk bayan daƙiƙa biyar, da wa'adin ƙarshe kamar minti biyar:

ssh -F /dev/null -i mabudi -p $KOFA -o BatchMode=yes -o IdentitiesOnly=yes -o ConnectTimeout=5 -o StrictHostKeyChecking=no -o UserKnownHostsFile=/dev/null ubuntu@127.0.0.1 true

BatchMode yana hana ssh tsayawa tambayar kalmar sirri a inda babu mai amsawa. ConnectTimeout yana hana gwaji ɗaya ya cinye wa'adin duka. StrictHostKeyChecking da UserKnownHostsFile kuwa, masu hana ssh dagewa kan tsohuwar shaidar inji, na sa su ne saboda kowace baƙuwa sabon mabuɗin shaida take ƙirƙira a tashin farko, kuma duk a adireshi ɗaya suke bayyana. Ga baƙuwar da ke cikin sabarka wadda za a goge bayan minti goma kawai na yarda da su. Kada in ga ka kwafe su zuwa sikirif ɗin da ke shiga sabar da kuɗin mutane ke bi ta ciki. Ka kuma riƙe cewa ssh yana dawo da lamba 255 idan shi kansa ya gaza. Duk wata lamba daban ta umarnin da ya gudana a can ciki ce. Idan sikirif bai bambance su ba, faɗuwar manhajarku da faɗuwar shiga za su zama abu ɗaya a idon Oga.

Shiga ta farko ma ba ita ce ƙarshen jira ba. Da zarar ka samu kai, ka fara gudanar da cloud-init status --wait, wanda ba zai dawo ba sai cloud-init ya gama duk matakansa. In ba haka ba, gwajinka zai fara apt, mai sauke manhajoji, a daidai lokacin da cloud-init ke riƙe da makullin apt, ka samu sabuwar faɗuwar jefi-jefi mai wata fuska.

Permission denied ɗin ne ya fi ɗaukar hankalina, domin wanda ya gan shi ya riga ya yi magana da sshd mai rai. Abu uku nake zargi, kuma rajista za ta raba su cikin minti biyar.

Na farko, ta wace hanya mabuɗinka yake shiga baƙuwar? Cloud-init mataki-mataki yake aiki. Abin da ka rubuta a user-data, fayil ɗin umarninka ga cloud-init, ƙarƙashin ssh_authorized_keys ana saka shi da wuri, a matakin da aka tsara ya gabaci tashin sshd. Abin da ka rubuta ƙarƙashin runcmd kuwa sai a matakin ƙarshe yake gudana, bayan an gama sauke duk fakitin da ka nema. Na sha ganin samari sun sa echo na mabuɗi zuwa authorized_keys a cikin runcmd saboda shi ne ya fi kama da abin da suka saba yi da hannu. A nan sshd tana tsaye tana amsa mutane, mabuɗi kuma yana jiran apt ya gama sauko da kaya. Tsawon wannan tazarar a hannun intanet ɗin ofis yake, kuma ka san yadda yake yi da rana tsaka idan kowa ya hau. Idan haka naka yake, to shi ne dalilin da ya sa 120 ta taimaka amma ba ta wadatar ba.

Kusa da wannan akwai fayil ɗin /run/nologin, wanda systemd ke ajiyewa a farkon tashi ya cire shi idan systemd-user-sessions ya gudana. Muddin yana nan, duk wanda ba root ba za a karɓi mabuɗinsa sannan a sallame shi da saƙon "System is booting up". Madaukin da na ba ka yana haɗiye wannan da kansa.

Na biyu, kuma shi na fi sa wa ido: lambar 2222 a rubuce take a sikirif, ko? To me ke faruwa idan abokan aikinka biyu suka tura aiki a minti ɗaya, ko aka soke gwaji a tsakiya QEMU ɗinsa ya rage a raye? QEMU na biyu zai nemi ƙofar ya tarar an riƙe, ya ce "Could not set up host forwarding rule", ya mutu nan take. Idan da alamar & aka tura shi baya, sikirif ba zai ma san ya mutu ba. Zai je 2222, ya tarar da sshd lafiyayya tana amsawa, ya miƙa mabuɗi, a ce ba a san shi ba. Gaskiya ne kuwa, gidan maƙwabci ya shiga. Wannan babu sleep ɗin da zai warkar da shi ko na awa guda ne. Kuma mafi muni shi ne ranar da mabuɗin duk gwaje-gwajen ɗaya ne: za a bar ka ka shiga, ka yi gwaji a injin wani, a ce maka ka ci.

Hanyar kama shi mai sauƙi ce. A tashin farko cloud-init yana buga zanen yatsan mabuɗan shaidar baƙuwa a layin siriyal, ƙarƙashin wani kan layi mai cewa SSH HOST KEY FINGERPRINTS. Ka ɗauki wanda ke layin "Server host key" a ssh.log ka gwada su. In sun bambanta, ba baƙuwarka ka yi wa magana ba. In siriyal.log ɗin ma fanko ne, QEMU bai taɓa tashi ba. Gyaran shi ne kowane aiki ya samu ƙofarsa, a tayar da QEMU da -daemonize da -pidfile don umarnin ya dawo da kuskure idan tashin ya gaza, a kuma sa trap da zai kashe shi ko da soke aikin aka yi. Ka rubuta hostfwd=tcp:127.0.0.1:$KOFA-:22 da adireshin a ciki. Idan ka bar gurbin fanko, duk wanda ke kan wayafai ɗin ofis zai iya ƙwanƙwasa wa baƙuwarka. Masu amfani da Ansible, manhajar saita injuna ta SSH, suna da ƙanin wannan ciwon: yakan bar haɗin SSH a buɗe na daƙiƙa 60 don ya sake amfani da shi, sai sabon gwaji ya zo a ƙofa ɗaya ya tarar da igiyar tsohuwar baƙuwa.

Na uku, faifan asali da ba a wanke ba. Idan an taɓa tayar da faifan don a saka masa kaya sannan aka mai da shi uwa, cloud-init ya riga ya rubuta a /var/lib/cloud cewa ya yi wa wannan injin hidima. Muddin instance-id na cikin meta-data bai sauya ba, ba zai sake saka mabuɗi ba. Wannan yawanci kullum yake faɗuwa, ba jefi-jefi ba, amma tunda kana wurin ka gudanar da cloud-init clean kafin a rufe faifan, ka kuma mai da /etc/machine-id fanko. Baƙi biyu masu machine-id ɗaya a kan gadar netwok ɗaya sukan karɓi adireshi ɗaya daga DHCP mai raba adireshi, nan ma ka koma shiga gidan da ba naka ba.

Batun "da hannuna yana yi" kada ya ruɗe ka, ba gwaji ɗaya ba ne. Kafin ka buɗe wata taga ka rubuta umarni, baƙuwar ta gama tashi. Kai kaɗai ne a sabar, babu mai ƙwace maka ƙofa. Kana da ssh-agent mai riƙe maka mabuɗai da fayil ɗin config na gidanka, asusun da ke gudanar da gwaji ba shi da su. Abin ma yakan juye: agent mai mabuɗai da yawa yana miƙa su ɗaya bayan ɗaya, sshd kuma ƙoƙari shida take bayarwa a saitinta na asali, sai a kore ka da Too many authentication failures kafin a iso kan na gaskiya. Shi ya sa na sa -F /dev/null da IdentitiesOnly a umarnin can. In za ka kwaikwayi gwaji da hannu, ka zama wannan asusun da sudo -u, ka gudanar da sikirif ɗin da kansa sau ashirin a jere, sannan biyu-biyu a lokaci ɗaya. A na biyun nan nake sa ran za ka ga abin ya fito fili.

Akwai wani abu da nake so ka duba tun yau, domin ni ya taɓa cinye min kwana uku. A wani wuri da na yi aiki a Ikeja, gwaje-gwaje suka fara faɗuwa a wajen shiga ranar wata Litinin, ba wanda ya taɓa komai. Na bi mabuɗi, na bi cloud-init, na zargi netwok. Sai da na zauna na karanta lokutan da ke gefen layukan siriyal na ga baƙuwar da ke tashi cikin rabin minti yanzu tana ɗaukar mintuna. Ashe a ƙarshen mako an ɗauke wuta, inbata ta ƙare kafin a tada janareta, sabar ta mutu. Ƙaramin batirin allon uwa, CR2032 ɗin nan mai kama da kwabo, ya daɗe da mutuwa ba mu sani ba, sai BIOS ya koma saitin masana'anta, VT-x ya kashe kansa. VT-x shi ne saitin da ke barin baƙuwa ta yi gudu kai tsaye a kan na'ura ta hanyar KVM; babu shi babu /dev/kvm. Umarninmu kuma an rubuta shi da accel=kvm:tcg, ma'ana in babu KVM a koma kwaikwayon kowane umarnin na'ura da manhaja zalla, wanda ya ninka jinkiri sau da yawa. QEMU bai yi gardama ba, ya ci gaba da rarrafe. Batirin da na saya a Computer Village bai kai kuɗin danfon zuwa ba. Tun daga ranar nake cire tcg daga umarni, in sa sikirif ya duba /dev/kvm da izinin asusun gwaji a kansa tun layin farko, ya faɗi da babbar murya in babu. Mutuwar batirin nan takan mayar da agogo baya ma; mabuɗi na yau da kullum bai damu da agogo ba, amma takardar shaidar SSH mai wa'adi da apt duk sun damu.

Sauran dalilan da za ka gani ana lissafawa kullum suke faɗuwa, don haka ba na tsammanin su ne naka, zan bi ta kansu da sauri. Sshd ba ta karɓar authorized_keys idan wani ban da mai shi zai iya rubutu a fayil ɗin, ko a foldar .ssh, ko a gidan asusun. A rajista za ka ga "bad ownership or modes", gyaran 700 ga folda, 600 ga fayil. Ssh na ɓangarenka ma yana ƙin mabuɗin sirri da kowa zai iya karantawa, kuma git ba ya adana 600, duk abin da aka ciro daga cikinsa a buɗe yake fitowa. Mabuɗin da aka liƙa a ma'ajiyar sirrin gwaji yakan rasa layin ƙarshe ko ya kwaso ƙarshen layi irin na Windows, sai a ce invalid format ko error in libcrypto. A Fedora da danginta SELinux yana hana sshd karanta fayil ɗin da aka saka daga waje sai an yi restorecon. Idan aka goge mabuɗan shaida daga faifan asali ba a bar mai sake ƙirƙira su ba, sshd ta ce "no hostkeys available" ta fita; ssh-keygen -A ne maganinsa.

Ɗaya daga cikinsu ya cancanci ɗan tsayawa saboda Ubuntun da kuke kai. OpenSSH 8.8 na 2021 ya daina karɓar sa hannun RSA mai amfani da SHA-1, Ubuntu 22.04 kuma da 8.9 ta zo. Mabuɗin RSA ɗin kansa bai lalace ba, salon sa hannun ne aka yi wa ritaya. Ssh na zamani ya san ya koma SHA-2, amma tsofaffin laburare ba su sani ba, misali Paramiko na Python kafin 2.9. Nan ne za ka ga umarnin ssh yana shiga, sikirif ɗin Python da mabuɗi ɗaya yana cin tura, rajista tana cewa "not in PubkeyAcceptedAlgorithms". Za a ba ka shawarar ƙara +ssh-rsa. Ni ban yarda ba. Ka sabunta laburaren, ko ka ƙirƙiri mabuɗin ed25519, wanda OpenSSH ya sani tun 6.5 a 2014. Sabo ga kowane gwaji ma ya fi, daƙiƙa ɗaya ba ya ɗauka.

Gargaɗi ɗaya na gaba, don madaukin da na ba ka zai iya juyo maka ranar da kuka sabunta faifai. Daga OpenSSH 9.8 na 2024 akwai PerSourcePenalties, kuma a kunne yake zuwa. Sshd tana tara wa kowane adireshi tara idan ya gaza shiga ko ya haɗa ya katse bai gabatar da kansa ba, in tarar ta kai wani mizani ta daina amsa masa na ɗan lokaci. A netwok ɗin user na QEMU duk kiran da ya fito daga mai masauki da adireshi ɗaya yake isa, 10.0.2.2. Madauki mai gaggawa da ke cin Permission denied kafin mabuɗi ya iso zai tara wa kansa tara, sai lokacin da mabuɗin ya iso a riƙa katse shi tun a bakin ƙofa, saƙon ya rikiɗe ya koma Connection reset. Ubuntu 22.04 ba ta da wannan, amma Debian 13 ta 2025 da OpenSSH 10.0 ta zo. A faifan gwaji ka sa 10.0.2.2 a PerSourcePenaltyExemptList, kada kuma ka matse tazarar madaukin ƙasa da daƙiƙa biyar ɗin.

Game da Oga, kada ka yi masa alkawarin gyara gobe. Ka ce masa ya ba ka kwana biyu ana tara rajista, kuma kada ka yarda a sa gwaji ya riƙa maimaita kansa har sai ya ci, don in zargina na ƙofa ya tabbata, wasu daga cikin cin da kuke gani ma sai an sake duba su. Idan ka samu faɗuwa uku, ka turo min ssh.log da siriyal.log na kowacce, da user-data ɗinka, da layin da ke tayar da QEMU. Ka duba su da kyau kafin ka turo, ka cire duk kalmar sirri da ke cikin user-data. Mabuɗin sirri kuwa ko ni kada ka ba.